Kalmomi 'Yan Gida Ɗaya

Ranar da ya fara shigowa shagon, tana sunkuye a kan teburin baya da allura a hannu, tana tsince cikin haruffa.

Aikinta ke nan a shagon babanta. Inji yakan yanka rubutu a jikin sitika, ita kuma ta bi da bakin allura tana cire abin da ba a so: cikin O, 'yar tagar A, da ɗan idon e, wanda ya fi kowanne cin rai. Allunan asibiti, na kantin magani, na makarantu, duk ta hannunta suke bi kafin a manna su, kuma yawancinsu da Turanci suke. Ta san kowane harafi kamar yadda ta san tafin hannunta, amma da zarar sun haɗu sun zama kalma sai su juya mata baya.

Aji huɗu ta tsaya a firamare, shekarar da ciwo ya kwantar da mahaifiyarta. Bayan rasuwar ba wanda ya sake ta da zancen boko. 'Yar Shiru ake ce mata a layin, don sai ka wuni a shagon ba ka ji muryarta ba.

Baba ne ya kawo mata takardar.

“Shiru, ga aikin malamin Turanci. Katin karatu yake so na 'yan ajinsa, kowace kalma da katinta.”

Ta duba. Light, night, right, fight, sight, tight. Ta sake dubawa, sannan ta ce a hankali, yadda Baba kaɗai zai ji, “Baba, ai wutsiyarsu ɗaya ce.”

“Wutsiyar wa?”

Ba Baba ne ya tambaya ba. Malamin ne, ya leƙo ta saman kanta. Dogo ne, da alli a gefen hannun rigarsa, da ido irin na wanda bai saba a ƙi amsa masa ba. Ta ji kamar ta shige ƙarƙashin tebur.

Da ƙyar ta yi bayani, tana kallon allurarta. Haruffa huɗun ƙarshe duk iri ɗaya ne, me zai sa a yanka su sau shida? A yanka sau ɗaya a kan kwali, a buɗe 'yar taga a gabansu. Kawunan kalmomin kuma a jera su a kwali mai zagaye kamar faifai, a soke tsakiya da ƙusa. Yaro na juyawa, kalma na canzawa.

“Ka ji ta ko?” in ji Baba. “Ba ta magana, ranar da ta yi kuma sai ta kore min ciniki.”

Malamin bai yi dariya ba. Kallonta yake. “Kin san ma'anarsu?”

Ta girgiza kai.

Ya ɗora yatsa a kan ta farko. “Light, haske.” Ya sauko. “Night, dare. Fight, faɗa. Sight, gani.”

Ba ta san lokacin da magana ta kuɓuce mata ba. “Yaya haske da dare za su zama 'yan gida ɗaya?”

Nan ya yi dariya, har haƙoransa suka fito. “Ke duk 'yan gidanku halinku ɗaya?”

Ta rufe fuska da mayafi. Amma bayan tafiyarsa, sai ga ta tana taɓa kalmar farko da bakin allura tana cewa a ranta, haske. Shekara da shekaru tana shafa fuskokin nan, yau ɗaya ta gaya mata sunanta.

Da ya zo karɓar faifan, ya juya shi ya fi a ƙirga, kamar shi ne yaron. Sati na zagayowa ya dawo da wata takardar. Bayanta wata. Baba ya ce, “Malam, anya yaran nan ne ke buƙatar faifai, ko kuwa kai ne kanka ke juyawa?” Ya sosa ƙeya, ya ce yana neman izinin karɓar lambarta, don ya riƙa jin in aiki ya kammala.

“Lambata ta lalace ne?” Baba ya tambaya. Amma ya bayar.

Washegari da safe wayarta ta yi ƙara.

“Barka da safiya, Haskena. Gidan yau shi ne ear. Dear, abin ƙauna. Near, kusa. Hear, ji. Fear, tsoro. Year, shekara. Ki maimaita kowace sau uku kafin gobe.”

Ta karanta da yatsa, harafi bayan harafi, don ko Hausar ma ba da gudu take karantawa ba. Ta daɗe a kan Haskena. Ta rubuta amsa ta goge, ta rubuta ta goge. Daga ƙarshe ta tura:

“Na gode Malamina. Na fi son near.”

“Me ya sa?”

“Haka kawai.”

“To ni na fi son dear, kuma ni ba haka kawai ba ne.”

Ranar sai da ta soke yatsanta da allura.

Tun daga nan ba safiyar da ta wuce ba saƙo. Gidan ain: rain, ruwan sama, pain, ciwo, gain, riba. Gidan old: gold, zinariya, cold, sanyi, hold, riƙewa. Takan yi mamakin yadda riba da ciwo suke kwana ɗaki ɗaya. Alluna suka fara yi mata magana. In ta ga kalmar da ta sani a cikin aikin wani, sai ta ji kamar ta haɗu da 'yar uwa a tasha. Ba wanda ya taɓa ba ta kyauta irin wannan. Wasu 'yan matan turare ake kawo musu, ita kullum safiya mutum yana zama ya zaɓo mata kalmomi, ita kaɗai. Haka ta ɗauka.

Wata safiya saƙon ya zo da wata irin wutsiya.

“Barka da safiya, Haskena. Gidan yau shi ne and. Hand, hannu. Land, ƙasa. Sand, yashi. A tabbatar yaran sun haddace.”

Ta rubuta, “Waɗanne yara?”

Ya ɗan jima kafin ya amsa.

“Namu mana, in Allah ya kawo su.”

Ta kife wayar a cinya, ta wuni tana murmushi ita kaɗai, har Baba ya ce ko dai sitikar nan tana ba da labari ne.

Da maganar ta yi ƙarfi, Malam ya zauna gaban Baba ya faɗi abin da ke ransa. Baba ya ce ba ya da ja, a turo manya. Sai Malam ya ce mahaifinsa ya rasu, kuma mahaifiyarsa tana son ganin yarinyar tukuna. Da ita za ta zo, sai dai gwiwa ta hana ta. Baba bai so ba, amma ya ce ƙanwarsa, Goggo, za ta raka ta.

Ana gobe za su je, Malam ya tsaya a bakin shago yana murza makullin babur.

“Haskena, Mama tsohuwar shugabar makaranta ce. Har yanzu Shugaba ake ce mata. Takan jefa Turanci cikin magana, haka take da kowa. In ta yi miki, ki ce yes Ma. Ki bar min sauran.”

“In ta tambaye ni abin da ban sani ba fa?”

“Ina wurin ai. Ko kin taɓa ganin na bar ki?”

Ba ta taɓa gani ba. Ta yarda.

Falon Shugaba ya cika da littattafai a cikin kabad mai gilashi. A bango akwai allon yabo na ranar da ta ajiye aiki. 'Yar Shiru na ɗaga ido ta gane shi. Ita ta tsince haruffansa, ta tuna yadda ƙananan e ɗin suka ba ta wahala. Ta so ta faɗa, kunya ta hana.

Shugaba na zaune a miƙe, da tabarau a kan hanci da sanda a gefe. Suka durƙusa suka gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa. Wata budurwa ta shigo da tire, ta ajiye kofuna, ta buɗe durowa ta ɗauko cokula ba tare da ta tambayi inda suke ba. Malamar Kimiyya ce, makarantarsu ɗaya da Malam, 'yar aminiyar Shugaba. 'Yar Shiru ta lura da abin durowar nan: wannan ba baƙuwa ba ce a gidan.

Sai Shugaba ta juyo ta fara Turanci.

Dogon Turanci ne, mai gudu. A cikinsa 'Yar Shiru ta tsinci dear, ta tsinci year, kamar fuskoki biyu da ka sani a cikin kasuwa, sauran duk baƙi.

“Yes Ma,” ta ce.

Shugaba ta sauke tabarau. Ta maimaita, a hankali.

“Yes Ma.”

Malamar Kimiyya ta yi murmushi mai taushi. “Ƙanwata, cewa take, wace shekara kika gama difloma ɗin taki, kuma a wace makaranta.”

Difloma.

'Yar Shiru ta juya ta kalli Malam. Ga shi nan a kujerar gefe, kusa, har tana jin ƙamshin turarensa. Ta jira. Ya ce yana wurin, ya ce ta bar masa sauran. Shi kuwa kofin shayinsa yake kallo, kamar an rubuta masa wani abu a ciki. Ta ƙara jira. Cokali kawai ya juya.

Muryarta ta fito siririya. “Mama, ban yi difloma ba. Aji huɗu na tsaya.”

“Na sakandare?”

“Na firamare.”

Shugaba ta dubi ɗanta, dogon kallo, shi bai ɗago ba. Ta dawo da idonta kan 'Yar Shiru. “To Turancin da ya ce kina da shi fa?”

“Wanda yake turo min ne kullum da safe.” Ta ji tana so ta nuna cewa ita ma ba hannu wofi ta zo ba. “Dear, abin ƙauna. Near, kusa. Hear, ji…”

Dariya ta kuɓuce wa Malamar Kimiyya, ta toshe baki. “Wayyo, gidan ear! Mama, ai darasin 'yan aji uku ne. Kullum da safe yake tura wa iyayensu a guruf ɗinsu na waya, ni ma ina ciki.” Ta latsa waya ta miƙo mata. “Duba ki gani, ƙanwata.”

Ta karɓa. Suka zuba mata ido tana bi da yatsa, harafi bayan harafi, ba mai taimaka mata. Barka da safiya, iyaye. Gidan yau shi ne ear. Duk suna nan, ain da old, a jere yadda suka zo mata. Sunan kawai yake cirewa ya sa Haskena. Ta gangara ƙasa. Hand, land, sand. A tabbatar yaran sun haddace.

Waɗannan ne yaran. Mantawa ya yi bai gyara ba.

Ta tuna wunin da ta yi tana murmushi, sai ta ji kunyar da ta fi ta difloma zafi. Aji uku. Ko aji huɗun nata bai bar mata ba.

Goggo ta ajiye kofinta da ƙara. “Shiru, tashi. Mun gode da shayi, Shugaba. Mu ba jarrabawa aka ce mana za mu zo ba, da mun taho da fensir.”

Sai a lokacin Malam ya miƙe. “Goggo, don Allah…”

“Au, kana da baki? Na zaci a makaranta ka baro shi.”

A mota Goggo ta yi ta faɗa har suka sauka. 'Yar Shiru ba ta yi kuka ba. Tagar mota take kallo, alluna na wucewa, kalmomin da ta sani suna ɗago mata hannu, tana kau da kai.

Baba ya ji labari, ya zauna a kan kujerarsa. Can ya ce, “Laifina ne. Ni na cire ki daga makaranta, ke kuma aka kai ki aka tsayar da ke a gaban mutane.” Ba ta taɓa jin ya faɗi haka ba. Wannan ne ya sa ta kuka.

Saƙonni suka yi ta shigowa.

“Haskena, ki yafe min. Ki ɗaga waya ko sau ɗaya.”

“Wallahi ba don in wulaƙanta ki ba ne. So nake ta karɓe ki tukuna, daga baya in gaya mata.”

“Ko zagi ne ki turo min.”

Ba ta amsa ko ɗaya ba. Da ya zo shago, Baba ya tare ƙofa da jikinsa. “Malam, an tashi daga makaranta. Ɗalibarka ta bar zuwa.”

Ya dawo washegari, ya dawo jibi. Yakan tsaya a tsallaken titi gefen babur, rana na dukansa, har masu shagunan layin suka fara yi masa tayin kujera. Ran nan Baba ya gaji ya ce, “Je ki sallame shi, kafin a ce mun kashe malamin mutane. Ina jin ku daga nan.”

Ta fita ta tsaya a bakin ƙofa, allurar na hannunta.

Ya rame. Ya fara magana da sauri, kamar wanda ya haddace. Ya san mahaifiyarsa, ya san abin da take aunawa da shi. Tun yana yaro bai taɓa kawo mata sakamakon da bai kai ba. “Tsoro na ji, Haskena.”

“Fear,” ta ce. “Wannan na haddace.”

Ya sunkuyar da kai.

“Darasin kuma, da farko don ki ji daɗi ne, na ga kina so. Daga baya na ce ko zai taimaka ranar…”

“Ranar da za ka nuna ni.” Ba ta ɗaga murya ba, ba ta iya ba. “Da ka ce min darasin yara ne, da na karɓa da hannu biyu. Ni ban fi ƙarfin aji uku ba. Amma ka bar ni ina zaton zama kake kana zaɓo min. Ina ɓoye waya a ƙirji kamar wata mai arziki.”

“Ki yafe min.”

“Ba shi ne ya fi ciwo ba. Ba ƙaryar difloma ba ce ma. Na kalle ka, ka kalli kofi.”

Ta juya allurar a hannunta, ta ci gaba.

“Kunyata kake ji. Ni na san kunya, da ita aka haife ni. Ina ganinta a fuskar mutum nake gane ta.”

“Me zan yi? Ki faɗa, ko mene ne.”

“Ban sani ba. Kai ne malami.”

Ta koma ciki. Ta zauna kan aiki, sai ga ta ta yaga cikin wani O, aikin da ba ta taɓa ɓatawa ba.

Kwanaki suka wuce ba saƙo, ba babur a tsallaken titi. Ta ce wa kanta haka ya fi. Duk da haka kowace safiya idonta na kan wayar, tana jin haushin idon. Har Malamar Kimiyya ta biyo ta layin wata rana, wai ta zo ba da haƙuri, ita ba ta san 'Yar Shiru ba ta da labarin guruf ɗin ba. Kafin ta tafi sai da ta ambaci cewa ita ke kai Mama asibiti yanzu, saboda Malam ba ya shiga gidan sosai.

Da yammar ranar saƙo ya shigo.

“Na gaya wa Mama a falon nan, a kujerar nan, Malamar Kimiyya na zaune. Na ce ni na ƙirƙiri difloma, ke ba ki sani ba. Na ce aji huɗu ko ba aji, ke nake so, in ba ke ba na haƙura da aure. Ta daina amsa gaisuwata. Ba don ki amsa na turo ba, don ki sani ne.”

Ta karanta ta sake karantawa. Ya yi magana. Ya yi ta a inda ya kamata, amma bayan taro ya watse, bayan an gama kallonta tana bin waya da yatsa. Ba ta amsa ba. Ba ta kuma goge ba.

An kusa wata biyu, wani hantsi sai ga ƙarar sanda a bakin shago. Shugaba ce, ita kaɗai, tana jan ƙafa. Baba ya ba ta kujera don girmanta, bai ƙara da murmushi ba. Ta zauna tana kallon hannun 'Yar Shiru yana bin haruffa.

“Ɗana ya zama kamar sandar nan,” ta ce. “Ba ya ci, ba ya magana. Na haifi guda ɗaya, ba ni da na canji.”

Ta dubi 'Yar Shiru.

“Ban zo in ce kin dace da shi ba. Ba ke na so masa ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, ƙarya ta yi yawa a maganar nan. Rayuwata duka ina hukunta 'ya'yan mutane a kan ƙarya, nawa ya zauna a falona ya shirga min ita. Ke kuwa da aka tambaye ki, kin faɗi ajinki.” Ta gyara tabarau. “Zan yarda, da sharaɗi. Akwai makarantar manya ta yamma. Ki shiga, ki kawo min takarda.”

Baba ya miƙe. “Shugaba, 'yata ba gurbin karatu take nema a gidanki ba. Aure ake magana. In takarda za a aura, ga inji nan, yanzu in buga miki.”

“Baba,” in ji 'Yar Shiru.

Duka suka juyo. Ta ajiye allurar, ta durƙusa, idonta a ƙasa.

“Mama, ina son karatu. Tun ranar da na bar aji nake so. Watakila in koma, watakila ba zan koma ba. Amma in na koma, ba don a buɗe min ƙofa ba ne. In ba za a karɓe ni da aji huɗuna ba, a bar ni da shi.”

Shugaba ta daɗe tana kallonta. “Ashe kina magana.”

Ta dogara sanda ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba. “Kawunsa zai zo.” Ba ta sa albarka ba, ba ta ce sai an jima ba.

Da ta tafi Baba ya ce, “Shiru, ba dole. Kin ga uwar, kin ga ɗan. Kina son sa har yanzu?”

Ta so ta ce a'a. Da ta ce a'a da ta fi jin kanta da nauyi. Amma zuciya ba ta nemi shawararta ba ranar da ta kamu, yanzu ma ba ta nema ba. Ta gyaɗa kai, hawaye na sauka a kan teburin.

Ta ɗauki waya ta rubuta masa, karo na farko tun ranar shayi:

“Ka ce wa kawunka ya zo. Amma kada ka sake turo min gidan kalmomin kowa.”

Aka ɗaura aure ba wani taro mai yawa. Goggo ta yi ta shiga da fita tana cewa yau dai ango ya ci jarrabawa da gyara. Malamar Kimiyya ba ta zo ba, ta aiko da kati, da Turanci. Shugaba ta zo, ta zauna a miƙe kamar mai duba masu rubuta jarrabawa. Da aka kawo mata amarya, ta miƙa mata kyauta a naɗe, mai nauyi. Ƙamus ne na Turanci. Mata suka kalli juna. Amarya ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode.

Sai Shugaba ta ɗora hannu a kanta, ɗan lokaci kaɗan, ta ce da Hausa, ba ko kalma ɗaya ta Turanci, “Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya sa ya riƙe ki da gaskiya.”

Baba kuwa ya kama hannun ango ya ƙi saki. “Ga ta nan. Ba ta da yawan magana, saboda haka in an taɓa ta a gabanka, kai ne bakinta. Ka ji ko?”

“Na ji, Baba.”

“Allah ya yi muku albarka.”

A sabon ɗakinta ta ɗora ƙamus ɗin a saman kabad. Faifan farko, na light da night, wanda ya dawo mata da shi, ta sa shi a ƙasan akwati. Ba ta jefar ba, ba ta kuma juya shi ba. Ta daina ce masa Malamina. Shi ma bai tambayi dalili ba.

Safiyar da ya koma aiki bayan biki, tana wanke kofuna, wayarta ta yi ƙara.

“Haskena, na iso. Na bar ki kina neman ɗan kunnenki, yana kan taga bayan labule. Tun da na fito nake jin kamar na manta wani abu a gida, ashe ke ce. Wannan ban tura wa kowa ba.”

Ta goge hannu, ta bi shi da yatsa har ƙarshe. Ba gida, ba wutsiya, ba abin haddacewa. Ta je taga ta ɗaga labule, ga ɗan kunnen.

Ta yarda da shi. Amma kafin murmushin ya iso fuskarta, sai da wani abu a ƙirjinta ya riga shi tambaya: mutum nawa aka tura wa? Ta san amsar, ga ɗan kunne a hannunta. Ta kuma san tambayar ta samu wurin zama, za ta daɗe tana riga murmushi isowa.

Ta zauna a bakin gado ta rubuta, a hankali, kamar yadda ta saba:

“Na gani. Ka dawo da wuri.”

Allah ya bar su tare, ya sanyaya abin da ya yi saura, ya ba su 'ya'yan da ba za su taɓa jin kunyar uwarsu ba.